Karamci Ne Ko Larura? Tambaya Daga Filayen Mongoliya

Idan larura ce ta koya wa mutum alheri, shin ya cancanci yabo a kansa, ko kuwa dabarar tsira da rai ce kawai aka yi wa ado? Wannan tambaya ta fito mana fili a Mongoliya, ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi, amma mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, kuma kusan rabinsu suna cunkushe a babban birnin, Ulan Bato.

Da zarar an bar birnin, sai fili iya ganin ido. Can nesa za a hango bukkar makiyaya da suke kira ger, zagayayya, an lulluɓe ta da matsattsen gashin tumaki, ƙofarta na kallon kudu. Baƙo ba ya ƙwanƙwasawa. Sallamarsa ita ce ya ɗaga murya ya ce a riƙe kare, sannan ya shiga, ba tare da ya taka dokin ƙofa ba. Kafin a ji abin da ke tafe da shi an miƙo masa shayin madara mai gishiri da busasshen cuku, shi kuma ya karɓa da hannun dama.

Mai shakka zai ce babu abin mamaki a nan. A ƙasar da sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, wanda aka rufe wa ƙofa gawa ne, kuma mai gidan yau shi ne matafiyin gobe. Wato karamcin nan adashi ne, kowa na zubi don ranar ɗaukarsa. Zai kuma kafa hujja da birnin kansa. Masifar sanyin da suke kira zud ta hallaka miliyoyin dabbobi a 2009 zuwa 2010, makiyaya da yawa suka wayi gari ba ko akuya, suka kwararo Ulan Bato suka kafa bukkokinsu a gefen gari. To, a can kowace bukka tana cikin shingen katako, da ƙyaure, da kwaɗo. Mutanen dai su ne, bukkar ita ce, amma ƙofa ta rufu. Ashe ke nan filin ne mai karamcin, ba mutumin ba?

Hujjar tana da ƙarfi, ba za mu raina ta ba. Sai dai mun isa ƙasar a watan Mayun 2024, kuma watan Mayu shi ne ke kwance wa mai shakka zani a kasuwa. A lokacin ne dabba ta fi ramewa, ciyawa ba ta gama tsirowa ba, iska na tada ƙura, dusar ƙanƙara ma takan waiwayo. Ga haihuwar tumaki da awaki ta hana mutanen gida barci, ga zud na 2023 zuwa 2024 ya riga ya kwashe dabbobi sama da miliyan 7. A irin wannan hali aka zuba mana shayi, mu da muka fito daga wata nahiya. Wane adashi ne mai gida yake zubawa a wurinmu? Ya sani sarai ba zai taɓa tsayawa a ƙofarmu ba. Lissafi bai hau ba, amma hannu ya miƙa.

Abin da muka fahimta shi ne, larura tana iya zama malamar hali, amma ba ita ce halin ba. Yaron da ya fara faɗin gaskiya don tsoron bulala, in ya girma yana faɗinta a inda babu mai dukansa, ba ma kiransa matsoraci. Shingen birni kuwa bai nuna cewa zuciya ta sauya ba. Ya nuna cewa buɗe ƙofa ga mutum biyu a mako daban ne da buɗe ta ga dubbai.

Inda maganar ta fi ci mana rai shi ne ɓangarenmu, mu baƙi. A yankin Terelj, da kewayen gunkin Jangis Khan mai tsawon mita 40 da aka kammala a 2008, akwai bukkoki jere da aka kafa don masu yawon buɗe ido, da farashinsu. Wannan ciniki ne, kuma ciniki ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne baƙon da ya tsallake waɗannan, ya nufi gidan makiyayi na gaskiya don ya ga "ainihin al'ada", ya ci, ya sha, ya ɗauki hoto, ya tashi hannu rabbana. Shi ya san mai gida ba zai iya hana shi ba, domin al'ada ta ɗaure shi, kuma da wannan sanin ya zo.

Shi ya sa matafiya masu hankali kan riƙo shayi, ko alewar yara, ko wani abin amfanin gida, su miƙa da hannu biyu lokacin tashi. Ba kuɗin abinci ba ne, kuma mai gida ba zai lissafa ba. Wanda ya kawo mu ya gargaɗe mu tun a mota cewa kada mu yi tayin kuɗi a kan shayi, kuma kada mu bar ƙoƙon ba mu ko kurɓa ba.