Wa Ke Biyan Fatar da Ɗan Koyo Ya Ɓata?

Fata ba ta mantuwa. Tela idan ya yi kuskure yakan warware ɗinki ya sake, magini ya rushe ya sake kwaɓa ƙasa, maƙerin azurfa kuwa ya mai da abin da ya ɓata cikin wuta ya narke. Amma baduku idan ya huda fata da basilla a inda bai kamata ba, hudar ta zauna ke nan har takalmin ya mutu. Saboda haka duk mai son koyon dukanci a Agadas yana shigowa ne da wata tambaya a bayansa, ko da bai san da ita ba: tun da ba a iyawa sai an ɓata, wa zai ɗauki asarar abin da za a ɓata?

Kada mai karatu ya ɗauka asarar ƙarama ce. Kafin fatar akuya ta iso gaban baduku, rai ya fita, mahauci ya feɗe a hankali don kada wuƙa ta tsaga ta, majemi ya jiƙa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa kwana da kwanaki, ya shafe ta da mai, sa'an nan a rina ta ja da karan dafi. Wahalar mutane da yawa ce yaro yake riƙe da ita a ranar da aka fara miƙa masa aska. Yanka ɗaya a karkace ya isa ya mai da ƙafar takalmi guntun laya.

A da, gado ne ya amsa wannan tambaya. A ƙasar Abzin sana'ar hannu ta wasu gidaje ce. Wurin Abzinawa, maƙeran da ake kira inadan su ke da ita: maza na ƙira da sassaƙa da haɗa sirdin raƙumi, mata na ɗinkin jaka da matashi da sauran kayan ado na fata. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Agadas a shekarar 1850, ya lura cewa yawancin aikin fata na garin a hannun mata yake. A irin wannan tsari, uwa ko uba ke biyan fatar da ɗa ya ɓata, kuma ba sa ƙidaya ta cikin asara, domin hannun da ake gyarawa na gida ne, shi zai ciyar da su ran tsufa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu iya magana, sai dai ba a cika faɗin yawan tuntuɓen da barewar ta haƙura da shi ba.

Yau lissafin ya rikice. Tawayen da aka yi daga 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace Turawa a Arlit a 2010, sun kori baƙin da ke sayen kayan hannu da tsada. Shigar tsohon birnin cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013 ta ƙara wa garin suna, amma suna ba ya sayen takalmi. Silifar roba ta cika kasuwa da araha, babur da mota sun rage masu neman sirdi. Ɗan gado yakan ga hanyar haƙar zinariya ta fi rumfar ubansa saurin kawo kuɗi, alhali wanda ke tsugune a bakin rumfar yana neman a koya masa, sau da yawa ɗan wani ne.

A nan ne ake gane halin maigida. Ga al'ada, sabon yaro yakan daɗe yana shara da aike da shafa gam da goge takalmi kafin a bar shi ya yanka. Akwai hikima a ciki, ba na musu. Ido na koyo kafin hannu. Mai goge fata kullum shi ke gane cewa gadon baya ya fi ciki ƙarfi, cewa fata tana miƙewa ta wani gefe fiye da wani, cewa madaurin da aka yanko daga wurin laushi zai saki bayan an taka shi mako biyu. Sai dai jira iri biyu ne, kuma daga nesa kamanninsu ɗaya. Akwai jiran da ke kai yaro ga aska, akwai wanda aka shirya don kada ya kai, ko don tsoron asara, ko don tsoron kada gobe ya buɗe rumfa a gefe. Na biyun cin gumi ne, ko da an kira shi tarbiyya. Hanyar bambance su ɗaya ce a ganina: a duba ko maigida ya taɓa ba yaron fata mai kyau, yana sane cewa mai yiwuwa a ɓata ta. Guntaye suna koya wa hannu riƙon aska, amma ba sa koya wa zuciya tsayuwa a gaban abu mai daraja.

Wani zai ce ba adalci ba ne a ɗora wa talakan baduku nauyin ɗan da ba nasa ba, kuma gaskiya ya faɗa rabi. Iyayen yaro da ƙungiyoyin masu sana'a da hukuma suna da rabonsu, kuma sayen fatar koyo ya fi takardar shaida amfani ga mai fara aiki. Amma akwai mutum guda da bai kamata asarar ta faɗa kansa ba ko kaɗan, shi ne mai saye. Takalmin da ɗan koyo ya yi da rauni, aka shafa masa mai aka jera shi cikin na gwani, makiyayi ne zai saye shi, ya tsinke masa a tsakiyar duwatsun Abzin da rana tsaka, nesa da rumfar da za a gyara. Maigidan da ya yi haka ya tura kuɗin makarantar yaronsa zuwa ga wanda bai san an yi ciniki da ƙafarsa ba.

Shi kuma yaron, bashin da ke kansa ba ya biyuwa ga wanda ya ba shi, domin kafin hannunsa ya nuna, sau da yawa idon maigida ya riga ya dushe, ba ya ganin ramin basilla. Wanda zai zo karɓar bashin wani yaro ne da ba a haifa ba tukuna, mai yiwuwa ba ɗan dangi ba, wanda zai tsuguna a bakin rumfa yana kallon jar fatar da ke rataye.