Fatar Akuya da Mai Akuya

Masana suna gaya mana cewa duniya ta dunƙule ta zama kasuwa guda, kowa ya kawo abin da yake da shi, ya sayi abin da yake so. To mu mutanen Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo ba baƙi ba ne a wannan kasuwa. Tun kafin zuwan Bature fatar jar akuyar Sakkwato take ratsa Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Har gobe tana tafiya, daga majemun Kano zuwa Italiya. Abin tambaya a nan shi ne, shin yardar mai saye da mai sayarwa kaɗai ta isa a kira ciniki adalci?

A ganinmu ba ta isa ba, muddin ɗayansu ba shi da halin cewa "albarka" ya kama hanyar gida da kayansa.

Alal misali, mu dubi manomin shinkafa a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Rasha da Yukiren suka gwabza yaƙi a 2022, kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo a fadamar da ba ta san sunayen garuruwansu ba. Aka janye tallafin fetur a 2023, injin ban-ruwa ya koma cin rabin amfanin gona. Ranar girbi mai bashi yana bakin masussuka. Tilas ya sayar, ko da faɗuwa, kuma a rubuce an ce ya yarda. Takwaransa na Amurka ko Faransa kuwa gwamnatinsa ce ke dafa masa, alhali manyan ƙasashen nan ne ke da rinjaye a IMF da Bankin Duniya, masu yi mana huɗubar janye tallafi tun zamanin SAP a 1986. Wannan ne kukan da Mali da Binin da Cadi da Burkina Faso suka kai taron cinikayya na duniya a 2003 a kan auduga.

Ba ma musun alherin da ke ciki. Injin nan ɗan Sin ne ya hutar da mu jigo, da wayar hannu kuma mai albasa a Wurno yake jin farashin Legas kafin dillali ya buɗe baki. Haka nan ba Sinawa ne suka hana masaƙun Kaduna wutar lantarki ba, kuma masu fasa-ƙwaurin atamfa 'ya'yanmu ne.

Amma 'yan'uwa marubuta, akwai abin da ya fi farashi ciwo. An buɗe wa kaya da kuɗi ƙofa, an rufe wa mutum. Fatar akuya tana shiga Italiya ba biza, ta dawo mana takalmin da albashin malamin makaranta ba zai saya ba. Saurayin da ya yi kiwon akuyar, in ya so bin ta, sai dai ya bi ta Agadas zuwa Libiya a bayan mota, tsohuwar hanyar ayari, ya jira kwalekwalen roba a bakin teku.