Koyon Faɗuwa Kafin Koyon Tashi

A ƙasashen sanyi akwai wasan zamiya bisa ƙanƙara, inda ɗan wasa kan gangaro daga tsauni da katako biyu a ƙafa, ya hau tudu ya cilla sama, ya yi ta juyi kafin ya dira. Mafi wuyar juyin shi ne na karkace: jiki ba a miƙe ba, ba kuma kai ƙasa sosai ba. A wannan lokaci ido ya rabu da ƙasa, sai abin da jiki ya riga ya haddace. A gasar Olamfik ta 2002 a Amurka, Jonny Moseley ya yi irin wannan juyi sau biyu cikin tsalle ɗaya, ya zo na huɗu; daga baya aka sassauta dokoki, salon ya zama ruwan dare.

Wasan yana cin rai. A watan Janairun 2012, Sarah Burke 'yar Kanada, gwana ta gaske, ta faɗi wajen atisaye a jihar Utah, ta rasu bayan kwanaki. To, shin ya halatta malami ya koya wa yaro abin da ka iya hallaka shi?

Ƙasar Arewa ba ta san ƙanƙarar tsauni ba, amma ta san tambayar. Bayan girbin gero, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari da Tibiri, samari kan shiga fagen kokawa bisa yashin Dallol Mauri. Duk wanda ya taɓa kamu ya san ba a kayar da abokin karo sai an sadaukar da tsayuwar kai: mai sa ƙafa ya dogara da ƙafa ɗaya, mai ɗauka ya karkata baya. Wanda ya ƙi karkata ba ya faɗuwa da wuri, amma ba ya kayarwa har abada. Takobin ƙasa, da aka soma gasarsa a Tawa a 1975, bai taɓa zuwa hannun mai tsoron ƙasa ba, kuma ba tsayuwa ƙiƙam ta sa filin kokawar Doso ya ɗauki sunan Salma Ɗan Rani ba.

Ashe hana kasada ba tausayi ba ne, tauye yaro ne. Sai dai sakin ta barkatai ma cin amana ne, domin tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Masu horar da 'yan ƙanƙara sun jera abin daki-daki: gadon roba mai cilla mutum, sannan tsalle cikin ruwa ko bisa katifar iska, sai a ƙarshe ƙanƙara. Haka ma tsohon ɗan kokawa kan haɗa yaro da sa'ansa a yashi mai laushi, ya bari ya sha ƙasa har jikinsa ya gane yadda ake faɗuwa ba a karye ba.

Nan haƙƙin malami yake, na fage ko na aji. Ba shi da ikon kawar da faɗuwa, amma shi ke zaɓen inda ta fari za ta auku. Ɗalibin da aka yi wa dariya ko bulala ranar da ya fara kuskure, ya koyi tsayuwa wuri ɗaya. Wanda aka shimfiɗa wa yashi, shi ke kai wa ga takobi. Abin da za a tambayi malami kuwa, in yaro ya ji ciwo, shi ne ko ya tsallake masa mataki.