Ajin Kimiyya: Burin Uba Ko Amanar Yaro?

Zuwa ga iyayenmu na Birnin Gwari.

Shiga jami'a tun daga SS1 ake shirya ta, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya, adabi ko kasuwanci. Darasi 4 ake rubutawa a JAMB, Turanci dole. Mai neman likitanci a ABU Zariya ko KASU sai ya haɗa da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman lauya kuwa sai da Adabin Turanci.

To, daidai ne uba ya tilasta ɗansa ajin kimiyya don a riƙa ce masa baban likita, alhali yaron bai gane Kemistiri? Guraben likitanci kaɗan ne, masu nema ba iyaka. Yaro ya faɗi sau biyu, sau uku, ya koma zaman majalisa. Mu da muke maƙwabtaka da daji mun san illar zaman banza.

Bayan sulhun Nuwamban 2024 kasuwar shanu ta buɗe. Ƙasarmu na buƙatar likita, gaskiya ne. Amma tana buƙatar malamin gona, da masanin gandun daji saboda Kamuku, da malamin makaranta, da alƙalin da zai raba gardamar manomi da makiyayi. Duk farillar kifaya ce.

Baiwar yaro amana ce, ba kayan adon uba ba. Ku tambayi malamansa inda ya fi ƙarfi, ku saurare shi, sannan a zaɓa.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.