Wa Zai Yaɓe Katangar Iyalan Mazan Jiya?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, a ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojojin ƙasarmu 71 a Inates, a ranar 9 ga Janairu 2020 kuma aka kashe 89 a Shinagodar, Allah Ya jiƙansu. Da yawansu sun bar mata da marayu. Duk sa'ad da irin wannan ta auku sai ka ji ana cewa a yanka musu fili, a gina musu unguwa. Magana ce mai kyau. Amma tambayarmu a nan ita ce: bayan an gina, an yi buki, manyan baƙi sun watse, wa zai yi yaɓe kafin damina? Wa zai gyara indararo, ya yashe rijiya, ya ba da ruwa ga dashen da aka yi a fili?

Mu mutanen Sassumbrum mun san halin ginin ƙasa. Katangar da ba a yaɓe ba, damina biyu ko uku ta ishe ta. Shi ma siminti jinkiri kawai yake yi. Gini yana da ranar buɗewa, ana kiran sunan wanda ya yi shi. Yaɓe kuwa ba ya da maroƙi, shi ya sa zukata ba su cika son sa ba, alhali shi ne ya fi nesa da riya.

Tarihi ya nuna mana yadda ake mance soja. Kakanninmu da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu, a 1959 ta ƙayyade kuɗin fanshonsu ya tsaya cik, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Ba a fara daidaitawa ba sai 2007, aka kammala a 2011, lokacin da galibinsu suna kabari. An ba su lambobin girma, an hana su abin gyaran ɗaki.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, yana da ladan wanda ya fita. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya kafa diwani, ya yanka wa mayaƙa da iyalansu rabo na kowace shekara daga baitulmali. Wato kulawar ba ta yini ɗaya ba ce.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne hukuncin malamanmu na Malikiyya a babin wakafi, wanda suke kira hubusi. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an bayyana cewa ana fara gyaran abin da aka yi wakafi daga kuɗin da yake samarwa kafin a raba wa masu haƙƙi, ko da mai wakafin ya shardanta akasin haka, ba a bin sharaɗinsa. Har ma idan gidan zama ne ya lalace, mazauninsa bai gyara ba, ana fitar da shi a ba da gidan haya har a sami kuɗin gyara, sa'an nan ya koma. Wani zai ce wannan tsanani ne, musamman ga matar da mijinta ya rasu. Mu ma mun ji nauyinsa. Sai dai malaman suna duban marayan da zai zo bayanta, wanda ba zai tarar da komai ba sai kango. Kuma abin kunya ne ga jama'ar gari su bari al'amari ya kai nan.

Saboda haka muna ganin duk wanda ya gina wa waɗannan iyalai gida, hukuma ce ko attajiri, bai cika aikinsa ba sai ya haɗa shi da abin da zai riƙe shi: rumfar kasuwa, ko gona, ko injin niƙa, tare da amintaccen mai kula wanda zai riƙa kawo lissafi. Ƙasarmu ta yi dokar wakafi tun 2019, hanya a buɗe take.

Mu kuwa talakawa, abin da ke hannunmu shi ne gayya. Manoman Magariya da Dungas da Matameye sun dawo da gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar tsare tsiron da ya fito da kansa da sassabe shi shekara bayan shekara. Masu wannan haƙuri ba za su kasa riƙe katanga ɗaya ba. Kowane masallacin unguwa ya san gidan da babu namiji babba a ciki. Limami da mai unguwa su sa rana a cikin bazara, samari su kwaɓa ƙasa, magina su hau soro, kafin hadarin farko ya taso daga gabas.