Amanar Ɗan Tibi a Zauren Malam

Duk wanda ya san Awe ya san gishiri ne ya kafa ta, kuma shi ne ya tara mata jama'a iri-iri tun zamanin da ikon Jukunawa ya shimfiɗu a kwarin Binuwai, har zuwa lokacin da fataken ƙasar Hausa suka biyo hanyar ciniki, suka sauke kaya, suka zama 'yan gari. Ga Alago can Keana da nasu gishirin, ga Fulani da shanunsu a bakin fadama, ga kuma Tibi da suka ƙetaro kogi da fartanya a kafaɗa suna neman ƙasar doya da riɗi. A gari irin wannan, mas'alar halaccin abota tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba takan fito daga cikin littattafan fiƙihu, ta zo ƙofar gida da sassafe ɗauke da damin itace.

Haka ta zo wa malamin da na karanta Risala a zaurensa, Allah Ya jiƙansa, dattijo wanda a lokacin ya doshi saba'in. Uwargidansa tana cikin matan da ke tace ƙasa su dafa gishiri, sana'ar da ba ta ƙoshi da itace, kuma mai kawo mata itacen wani saurayi ne Batibe, Kirista, wanda bai cika ashirin ba. Tun yana ajiye kaya ya karɓi kuɗinsa ya wuce, har ya fara tsayawa gaisuwa, har ta kai Malam yana sa a shimfiɗa masa tabarma a gefe, suna hira kan damina da ciwon gwiwa da farashin doya. Shi yana ce masa Baba, Malam kuwa yana ce masa ɗana, kuma ban taɓa jin ya kira shi da sunan nan na Munci da mutanenmu ke jifan Tibi da shi ba, domin ya san suna ne da masu shi ba sa so.

Ba a daɗe ba magana ta tashi. Wasu almajirai, da ni a cikinsu, muka riƙa raɗa cewa ai Alƙur'ani ya hana muwalatin kafirai, babban ɗan Malam kuma ya same shi ya ce, "Baba, mutane suna magana a kan yaron nan." A can ma wajen dangin saurayin, kamar yadda ya gaya mana daga baya, ana ce masa Hausawa za su musuluntar da shi su raba shi da iyayensa.

Lalle hanin muwalati gaskiya ne, babu Musulmin da zai yi wasa da shi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi dogon bayani a kansa a Bayanu Wujubil Hijira. Amma abin da muka jahilta a lokacin, kuma har yau da yawa daga masu wa'azi suke tsallakewa, shi ne cewa fuƙaha'u sun rarrabe tsakanin jiɓintar mutum a kan addininsa, ko taimaka masa a kan cutar da Musulmi, wanda shi ne haramun, da kuma kyautata masa da yi masa adalci, wanda aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta a sarari ga duk wanda bai yaƙe mu saboda addini ba, bai kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Imamu Ƙarafi, Bamalike ɗan mazhabarmu wanda ya rasu a Misira a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ware wa wannan bambanci babi guda a littafinsa Alfuruƙu. Tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cike yake da shaida: ɗan jagoran da ya nuna masa hanya ranar Hijira, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, mushiriki ne; Annabi ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba, ya gaida yaron Bayahude da ke yi masa hidima sa'ad da ya kwanta ciwo, bai kuma manta da alherin Muɗ'imu ɗan Adiyyu, wanda ya ba shi mafaka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ba har bayan yaƙin Badar.

Jarrabawa ta gaske ta zo a 2001. Ranar 12 ga Yuni aka kashe Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, a kan hanya, aka ɗora zargin a kan Tibi, wutar fitina ta kama kudancin Jihar Nasarawa, aka zubar da jinin da Allah kaɗai Ya san adadinsa daga kowane ɓangare, dubban Tibi kuma suka gudu Jihar Binuwai. Daren da saurayin zai tsere da mahaifiyarsa ya zo ta bayan gida da kekensa da awaki uku da irin doyarsa, ya ce, "Baba, ga amana, in na dawo." Malam ya karɓa. Watanni suka shuɗe babu labari, aka matsa masa a cikin gida cewa dukiyar abokan gaba ce, a sayar a huta, har wani ya kira ta ganima. Abin da Malam ya amsa da shi ban manta ba: ya tuna musu cewa daren da Ƙuraishawa suka kewaye gidan Manzon Allah da takubba, an bar Sayyadina Aliyu a Makka ne domin ya mayar wa mutanen Makka ajiyarsu. Da damina ta kusa ya sa aka dasa irin doyar a gonarsa don kada ya ruɓe, ya riƙa ware amfanin daban.

A ganina, mafi yawan abin da muka kira kishin addini a wancan lokaci asabiyya ce ta ƙabila da tsoro da kwaɗayi suka sa rawani. Hujjata kuwa ita ce, masu cewa zama da yaron haramun ne ba su taɓa ganin haramci a cin ribar doyar danginsa a kasuwa ba, kuma shari'ar da suke kafa hujja da ita ce ta hana kama wani da laifin wani. Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, daga rijiyar da Malam ya sha shi ma ya sha.

Sai dai ba zan ɓoye wa mai karatu cewa abotar nan tana da ɗacinta ba. Malam ya so wa ɗan nan nasa Batibe Musulunci fiye da yadda ya so masa komai, ya kuma kira shi zuwa gare shi sau biyu a gabana, da tausasawa, saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ji, amma ka bar ni a inda nake." Malam bai sake matsa masa ba, bai kuma rage masa komai ba. Ya taɓa ce mana ayar Suratul Ƙasasi da ta sauka game da Abu Ɗalibi, wadda ta sanar da Annabi cewa shiriya ba a hannunsa take ba ko ga wanda yake so, ita kanta shaida ce cewa son ya auku kuma ba a zarge shi a kai ba. Na tabbata ya ɗauki wannan damuwa har kabari, kamar yadda na tabbata shi ma saurayin yana da irin tasa game da Malam.

Saurayin ya dawo bayan fiye da shekara, ya tarar da awakinsa sun zama bakwai, aka ƙirga masa kuɗin doyarsa a gaban shaidu. Ranar da Malam ya rasu ya zo tun kafin a gama wanka, ya tsaya nesa da sahu har aka idar da salla, ya bi mu maƙabarta. Itacen da aka jera a kan gawar kafin a zuba ƙasa shi ya saro shi da asuba, kuma babban ɗan Malam ne ya karɓa daga hannunsa.