Wayar jiya, kayan yau

Gyara kayanka, in ji magabata, bai zama sauke mu raba ba. Da wannan zan buɗe magana da ƴan'uwana magidanta na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, a kan abin da muka binne cikin bango muka manta da shi, wato wayar lantarki.

Iyayenmu sun san girman wuta. A zamanin gidajen zana da bukkoki, rumbunan hatsi jere a bayan gari, uwargida ba ta kwanciya sai ta rufe garwashi da toka, balle in iskar hunturu ta taso. Ta san tartsatsin da ya tashi daga murhunta bai san iyakar dangarta ba. Abin kunya ne babba a ce gobara daga gidan wane ta fara. Yau wuta ta bar murhu ta shiga waya, mu kuwa da muka daina ganin harshenta sai muka daina jin tsoronta.

Kuma ba mu da uzurin jahilci. A Gazawa babban layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, mun kwana cikin duhu da zafi, masu ƙanƙara da masu walda sun zauna ba aiki. Mun san darajarta a lokacin. Da ta dawo, sai muka koma gidan jiya.

Mu dubi gidajenmu da gaskiya. An ja mana wuta lokacin da duk abin da muka mallaka bai wuce ƙwai uku da rediyo da fanka ɗaya ba. Allah ya yi buɗi, muka sayi firigo, muka ƙaro dutsen guga, amarya ta zo da tukunyar lantarki, wani ma ya kafa na'urar sanyaya ɗaki, yaro ya buɗe wurin cajin salula a zaure. Kaya sun ninka, waya tana nan yadda aka sa ta tun farko. Kayan raƙumi muka ɗora wa jaki, muna mamakin durƙushewarsa.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Wutarmu bolt 220 ce. Gidan da aka ba amfer 5 ba zai ɗauki abin da ya wuce wat 1,100 ba, dutsen guga kaɗai kuwa yana iya cinye kusan wannan duka. Siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, soket na son mai 2.5, wadda ta taso daga mita zuwa cikin gida kuma dole ta fi su kauri. Fis an yi shi ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone. In dizontar, wato makatsin wuta, ya faɗi, gargaɗi yake yi cewa kaya sun yi yawa. Mu kuwa sai mu ji haushinsa. Wannan ya naɗa zaren tagulla mai kauri a gurbin fis, wancan ya kira yaron da bai gama koyon aiki ba ya zagaye dizontar, a ba shi kuɗin shayi. Daga ranar, wayar cikin bango ita ce fis ɗin gidan, kuma a bayan sili take yin zafi, inda ido ba ya kaiwa, sama da kan ƴaƴanmu suna barci.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne rashin kunyar da ya shigo tare da wannan. A da, mai sana'a yana iya ƙin aiki don kare sunansa. Yau mu da kanmu muke matsa masa ya sa mana waya mai araha, ko da gorar ruwa ce aka shafa mata jan launi. Muna miƙa waya ta kan katanga zuwa gida uku, muna kiran abin zumunci, alhali ba mu tambayi kanmu wa zai amsa a gaban Allah in ta kama ba. Ƴaƴanmu suna kallo, suna koyon cewa dabara ta fi ƙa'ida.

Na san aljihu ba ɗaya ba ne, kuma tagulla ta yi tsada. Amma wanda ya iya sayen firigo bai kamata ya gaza kan wayar da za ta ɗauke shi ba. Maigida ya zauna da iyalinsa su ƙirga abin da suke kunnawa a lokaci guda. Ya kira ma'aikacin da ya san aikinsa ya duba kaurin waya, a sake wadda ta gaza tun daga mita. Bayan haka ne zai je ofishin kamfanin wuta na Nigelec ya nemi ƙarin amfer, domin mita da hatimin da ke jikinta hurumin kamfani ne, kuma ƙara ƙarfin fis a kan tsohuwar waya ƙara haɗari ne. Wanda hali bai kai shi nan ba tukuna, ya kafa doka a gidansa: in ana guga, a kashe tukunya.